Shari'ar Ilu Mai Goro da 'Yan Shebur

An ce wai a wani gari da ake kira Kwarin Marke an yi wani alƙali, Malam Hambali, dattijo ne da ya tsufa yana sauraron rigimar gona da ta gado, har ya kai ba abin da ɗan Adam zai zo da shi ya ba shi mamaki. Ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawar hukunci. Idan mai ƙara ya cika surutu sai ya lumshe ido a kan buzunsa kamar mai gyangyaɗi, alhali ko kalma ɗaya ba ta wuce shi ba. To, shi ne wata rana aka kawo masa ƙarar da ta sa ya buɗe idanun nan duka biyu.

Garin kuwa sunansa ya bi shi, don a kwari yake zaune. Duk ruwan da ya sauka a tudun gabas ta tsakiyar gari yake bi, cikin wata babbar kwata da ta ratsa unguwanni ta fita ta ƙarƙashin kwalbatin bakin kasuwa. A zamanin iyaye, da bazara ta yi nisa sai a yi shelar gayya, kowane magidanci ya fito da abin haƙarsa, mata su dama kunu, a yashe kwatar nan tun daga sama har ƙasa kafin ruwan fari. Sannu a hankali abin ya yi sanyi. Wannan ya ce yana da kasuwa, wancan ya ce ai aikin hukuma ne, hukuma kuwa ko ƙeyarta ba a gani ba.

Ana nan sai wani mai gyaran keke, Malam Tanimu, ya ga abin ya ishe shi. Ya tara abokansa da samarin unguwa suka kafa ƙungiyar sa kai, suka raɗa mata suna Tashi Tsaye. Mutanen gari dai, da yake ba sa barin suna ya zauna lafiya, sai suka riƙa ce musu 'yan shebur, kuma shi ya bi su.

Da fari ba su da ko baro ɗaya. Suka ce bari su ƙaddamar da gidauniya kamar yadda ake yi a birni. Suka yi hayar kujeru da rumfa, suka gayyato masu hali. Masu hali suka zo da manyan riguna, kowa ya karɓi lasifika ya yi alkawari mai daɗin ji, aka tafa, aka sha lemo, aka watse. Alkawarin nan da aka yi a lasifika, a lasifika ya kwana. Kai, kuɗin hayar kujerun ma sai da Malam Tanimu ya sayar da wani keke da ya haɗa da hannunsa ya biya.

Daga nan ne dabarar fata ta faɗo masa. Kowa dai ya sani, don liman na maimaitawa duk Babbar Salla, ba a sayar da komai na dabbar layya, ba nama ba fata, ko mahaucin da ya feɗe ba a biyansa ladan aikinsa da ita. Sai dai a yi buzu ko a ba da sadaka, wanda aka bai wa kuwa yana iya sayarwa. Da yawa a garin sai su shanya fatar a katanga ta ruɓe a banza. 'Yan ƙungiya suka shiga bin gida-gida ranar Salla suna roƙon fatun. Ana can ana suya, su suna nan cikin ƙarni da ƙudaje suna barbaɗa gishiri, don fatar da ta kwana ba gishiri ta tashi daga aiki. In sun taru a kai wa dillalai. Da abin da aka samu suka sayi shebur da diga da baro, suka ɗaga katangar maƙabarta, suka riƙa sayen likkafani ga wanda ya mutu ba shi da kowa, da magani ga wanda ciwo ya kayar ba shi da hali. Kwata kuwa duk shekara tas suke yashe ta.

Shekarun farko an sa musu albarka har sun gaji da cewa amin. To amma mutum, ka dai san shi. Abin da ya gani sau ɗaya ya gode, in ya gani kullum sai ya ɗauka haka Allah ya halicci duniya. Jaki ya mutu a kan hanya, a kira 'yan shebur. Masai ya rufta, a kira 'yan shebur. Mace ta fito da kwandon shara ido na ganin ido ta juye a kwata, in ka yi magana ta ce, "To mene ne? Ai 'yan shebur za su kwashe. Ba mun ba da fata ba?" Wannan magana ta "mun ba da fata" ita ta zama amsar kowa a garin. Shelar gayya kuwa, yaran da suka taso ko labarinta ba su sani ba.

Su kuma 'yan ƙungiyar suka yi ta raguwa. Samari suka tafi birni neman abinci, wasu aure ya ɗauke musu hankali, wasu ƙasa ta rufe musu ido, 'yan uwansu suka haƙa musu kabari da shebur ɗin ƙungiya. Aka bar 'yan tsiraru masu furfura. Malam Tanimu bayansa ya riƙe, har in ya sunkuya kan tayar keke sai ya dafa bango zai miƙe.

Matarsa Kande takan ce masa, "Malam, wai kai kaɗai aka haifa a garin nan? Dubi ƙafarka yadda ruwan kwata ya cinye ta."

Shi kuwa sai ya ce, "To Kande, in mun bari wa zai yi?"

Ta ce, "Ai da yake ba ku taɓa bari ba, ba wanda ya sani."

A shekarar da ake ba da labari, sun fara yasa daga saman gari kamar yadda suka saba, amma aikin ya ƙi ci, ga hannu kaɗan ga shara ta ninka ta bara. Ba su kai rabin hanya ba sai wata rana bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, aka sako ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwalbatin bakin kasuwa ya toshe, ruwa ya rasa hanya, ya juyo ya afka gidajen da ke kusa. Wanda abin ya fi shafa shi ne Ilu mai goro. Katangarsa ta zube, ɗakin mahaifiyarsa ya rufta. Allah ya sa an fitar da tsohuwar kafin rufin ya sauko, kuma abin da zai ba ka haushi, 'yan shebur ɗin ne suka shiga ruwa iya ƙugu suka goyo ta, shi Ilu yana can wurin talla ruwa ya tsare shi.

Kada a ɗauki Ilu mugun mutum. Talaka ne mai tallan goro a faranti, wanda duk shekara yakan sayi ɗan tunkiya tun yana ƙarami ya yi ta kiwonsa da dusa da harawa don ya samu abin layya, kuma bai taɓa hana 'yan ƙungiya fatar ba. Ya dawo ya tarar da gidansa a buɗe kowa na leƙe, uwarsa a ɗakin maƙwabta tana rawar sanyi. Zuciya ta ɗebe shi, 'yan zuga suka ƙara masa, gari na wayewa ya tafi ya yanko wa Malam Tanimu sammaci.

Ranar shari'a zauren alƙali ya cika har waje, kuma yawancin waɗanda suka zo bayan Ilu suke, don kowa na tsoron gobe a kansa ruwan zai sauka.

Ilu ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ba mai son fitina ba ne. Tun da aka kafa ƙungiyar nan ba Sallar da fatar ragona ba ta shiga baronsu ba. Na ba su don su yashe kwata, ba su yashe ba, gidana ya faɗi. Yau tsohuwata a ɗakin mutane take kwana. Ni na cika nawa, su ba su cika nasu ba. A sa su gina mini abin da sakacinsu ya rushe."

Daga waje aka ɗauka, "Gaskiya ne! Duk mun ba da fata!"

Alƙali ya juya ga Malam Tanimu ya ce, "Ka ji abin da ya ce."

Malam Tanimu ya ɗago kai. Da ya yi magana, muryarsa ba faɗa a cikinta, gajiya ce zalla. Ya ce, "Allah gafarta Malam, bai yi ƙarya ba. Fatarsa mun karɓa, ƙofarsa kuma ba mu kai ba. Ba ƙi muka yi ba, ƙarfi ne ya ƙare. Mun yi ƙuruciyarmu a cikin kwatar nan, ga shi mun tsufa a cikinta, ban taɓa zaton za ta kawo ni gaban alƙali ba. In an ce mu gina, za mu gina, ko da rarrafe. In an ce ba mu da laifi, mun gode. Amma ko ta ina hukunci ya faɗi, ni da 'yan uwana mun gama magana." Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin ɗakin da suke ajiye kayan aiki, ya ajiye a gaban alƙali. "Ga shi. Mun gaji."

Ko masu ihun nan na waje sai da jikinsu ya yi sanyi, don damina yanzu ta fara, rabin kwata na nan a cushe, kuma ba wanda ya taɓa tunanin ranar da za a wayi gari ba 'yan shebur.

Malam Hambali ya ga inda shari'ar ta tsaya. In ya ɗora wa ƙungiya gini, ya koya wa duk mai niyyar alheri a garin cewa ƙarshen sa kai sammaci ne, ba mai sake fitowa. In ya kori ƙarar ya ce ba wanda ya ɗauke su aiki, mutane za su tashi da cewa an ci fatunsu an zalunce su, baɗi ba mai ba da ko ta akuya. Ta kowace hanya makullin nan zai kwana a gabansa, ruwa na gaba kuma ba katanga kaɗai zai ci ba. Ya sunkuyar da kai yana shafa gashin buzun da yake zaune a kai, wanda shi ma fatar wani ragon layyarsa ne na shekarun baya. Can sai hannun ya tsaya.

Ya ce, "Ilu, ragon nan da kake wahalar kiwo duk shekara, layya kake yi da shi ko naman miya?"

Ilu ya ce, "Haba, Allah gafarta Malam, layya mana."

"Don Allah kake yankawa?"

"Don Allah, ba don kowa ba."

"Madalla. To fatar da kake miƙa wa su Tanimu, me kake ba su? Sadaka ce, ko ladan aiki?"

Ilu ya buɗe baki zai amsa, alƙali ya ɗaga masa hannu. "Kada ka yi sauri, don da amsarka zan yi hukunci, ba da tawa ba. In ka ce ladan aiki ce, to ka ɗauki ma'aikata ka biya su ba su yi ba, yanzun nan zan ba ka gaskiya, su gina maka katanga da ɗaki. Sai dai ka san ka shaida da bakinka a gaban jama'a cewa shekara da shekaru kana cinikin wani yanki na layyarka, abin da ko mahauci ba a yarda a biya da shi ba. Yadda za ku ƙare da Wanda ka yanka domin Shi, wannan ba a zauren nan ake yanke shi ba. In kuwa ka ce sadaka ce, layyarka na nan cikakkiya, Allah ya karɓa. Amma wanda ya ba da sadaka ba ya komawa ya ce a yi masa aikinta. Zaɓi ɗaya."

Wayyo, Ilu! Gumi ya karyo masa. Ya tuna dusar da ya riƙa saye da ribar goro, da ranakun da ya hana kansa don ragon ya ƙoshi, da farin cikin da yake ji in ya kwantar da shi ya fuskantar da shi alƙibla. A ce duk wannan ya tashi a kuɗin yasar kwata? Ya dubi ƙasa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Sadaka ce, Allah gafarta Malam. Wallahi sadaka ce."

Alƙali ya ɗaga kai ya dubi ƙofa, inda masu ihu suka yi cirko-cirko. Ya ce, "Ku fa? Na ji kuna cewa duk kun ba da fata. Akwai wanda tasa ladan aiki ce? Ya shigo, ƙofa a buɗe take."

Ina! Ba wanda ya motsa. Sai gunaguni ƙasa-ƙasa, wannan ya ce sadaka ce, wancan ya ce ai kowa ma sadaka ya bayar.

Malam Hambali ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ashe dai duk tsawon shekarun nan ba mahalukin da ya taɓa biyan kowa yasar kwata a garin nan. Sadakarku tana wurin Allah, kwatarku kuma tana wuyanku, kamar yadda take a wuyan iyayenku. Kowane magidanci da rabonsa a ciki, har da mai gidan da ake kira gidan alƙali. Ilu, ba ka bin su komai."

Sa'an nan ya juya ga Malam Tanimu, ya ɗaure fuska. "Kai kuma kada ka ce ka tsira, kana da laifi, kuma sai na hukunta ka. An ba ku fata ku sayi shebur, kuka sayi shebur kuka riƙe shi ku kaɗai. Gari guda ya zauna yana kallonku, ba ku taɓa ce wa kowa taso ba, har kuka mantar da mutane gayya. Kun kashe kanku, kun lalata su. Hukuncinku shi ne wannan: duk daminar bana, kai da 'yan uwanka na hana ku taɓa shebur. Ɗauki makullinka. Ranar gayya ku buɗe ɗaki ku ba da aron kayan aiki, a kafa muku benci a inuwa, ku zauna ku nuna wa mutane inda za su haƙa. Wanda na ji ya shiga kwata a cikinku, ni da shi ne."

Malam Tanimu ya ɗago a firgice ya ce, "Allah gafarta Malam, in ba su fito ba fa?"

Alƙali ya ce, "Da ma kun taɓa barinsu sun gwada? Ga hadari can yana haɗuwa, shi zai yi mana shela."

Haka kuwa aka yi. Washegari mai unguwa ya sa aka zaga da shelar gayya, abin da rabon da a ji shi tun samarin yanzu ba su san kansu ba. Ba zan ce kowa ya fito da daɗin rai ba, wasu tsoron ruwa ne ya fito da su, wasu kunyar alƙali, don shi ma ya zo ya naɗe ƙafar wando ya karɓi manjagara. Aka shiga kwata ana toshe hanci ana tsaki. Da aka kai kwalbatin bakin kasuwa aka fara zaƙulo abin da ya cushe shi, nan fa kowa ya gamu da kayansa: tela ya ga ƙyallayensa, mai shayi ya ga gwangwanayen madararsa, masu sayar da ruwa suka ga ledojinsu. Ilu ya zura hannu ya jawo wani dunƙule, ya duba, sai ga ganyen da ake naɗe goro da tsummokaran buhunsa. Ya jefa a baro ya ci gaba da haƙa.

Su kuwa 'yan shebur suna kan benci a gindin dalbejiya, zaman ya gagare su. Malam Tanimu ya yi ta miƙewa yana, "Ba haka ake riƙe diga ba! Kai, fara ta gefe!" Sau da yawa ƙafarsa ta kai bakin kwata, sai Kande, da ke raba kunu tare da mata, ta galla masa harara ta ce, "Malam, alƙali na kallonka." Ya koma ya zauna yana ƙunƙuni.

Rana ta take, aiki ya yi nisa, ruwan da ya kwanta ya fara tafiya da kansa. Ilu ya fito daga kwata, laka har ƙirji, bayansa kamar zai tsinke, hannuwansa duk sun yi bororo. Yini ɗaya ke nan. Ya tsaya yana haki, ya dubi tsawon kwatar nan tun daga tudu har kasuwa, sai yanzu ya san abin da 'yan tsirarun tsofaffin nan suke yi duk shekara. Ya nufi benci don ya nemi gafara, ya kuma roƙi a ba shi aron baro ya kwashe ƙasar ɗakin tsohuwarsa. Da ya isa sai ya tarar Malam Tanimu ya jingina da bishiya, hula ta karkace, baki a sake, barci ya kwashe shi, makulli na hannunsa.

Wani ya miƙa hannu zai tashe shi. Ilu ya riƙe hannun ya ce, "Kul. Ƙyale shi."

Kande ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon mijinta. Ta ce a hankali, "Tun da suka kafa ƙungiyar nan ban taɓa ganin ya runtsa da rana ba." Ta sa gefen mayafi ta share ido.

Ilu ya tsuguna a gefen bencin da lakarsa, yana kore masa ƙuda, ya jira har ya farka don kansa. Mutanen da suka fito daga kwata kuwa, da yake jiki ya riga ya ɓaci, sai suka zarce gidan Ilu ba wanda ya aike su, suka kwashe ɓaraguzai suka kafa masa zana, aka bar gini sai ruwa ya ɗauke. Da aka sake yin ruwa mai ƙarfi, ta kwata ya bi ya wuce abinsa.

Ban ce Kwarin Marke ta shiryu har abada ba, mutane ne, baɗi ma sai da aka yi ta fama kafin su fito. Amma ba a sake jin wanda ya ce "mun ba da fata" ba, kuma da Salla ta zagayo, Ilu da kansa ya turo baro yana bin gida-gida karɓar fatu.

Masu hankali suka ce a riƙe abu biyu daga wannan shari'a: wanda ya ba da sadaka ya tsaya jiran a yi masa aikinta, ciniki ya yi bai sani ba, wanda kuma ya ɗauke wa jama'a nauyinsu duka, zama ya koya musu, kuma ranar da ya gaji shi za su fara kai wa ƙara.